Darussan da aikin tantance bidiyo ya koya mini a Sakkwato

Aikina a wata ƙaramar ƙungiya mai zaman kanta a nan Sakkwato shi ne bin diddigin hotuna da bidiyoyin da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook, musamman waɗanda ake cewa daga Isa ko Sabon Birni ko Goronyo suka fito bayan harin 'yan bindiga. Babban abin da na koya shi ne, komai tashin hankalin da ke cikin bidiyo, ba ya zama shaida sai an tabbatar da inda aka ɗauke shi da kuma lokacin.

Binciken da ya buɗe mini ido shi ne na Kamaru. A shekarar 2018 wani bidiyo ya bazu na sojoji suna harbe mata biyu da ƙananan yara biyu, gwamnatin ƙasar kuwa da fari ta ce labarin ƙarya ne. Masu bincike na Amnesty International da ƙungiyar bincike ta intanet mai suna Bellingcat da sashen Africa Eye na BBC suka ɗauki siffar tsaunin da ya bayyana a bidiyon, suka gwada ta da hotunan tauraron ɗan'adam na Google Earth har suka gano wurin, kusa da garin Zelevet da ke dab da iyakar Najeriya. Inuwar sojojin a ƙasa ta taimaka wajen nuna cewa tsakanin Maris da Afrilun 2015 abin ya faru. A 2020 kotun soja ta yanke wa huɗu daga cikinsu ɗaurin shekara 10.

A wajenmu aikin ya fi haka wuya, domin yawancin ƙauyukanmu a shimfiɗe suke, kuma hotunan tauraron ɗan'adam na karkara sukan daɗe ba a sabunta su ba. Don haka mukan dogara da hasumiyar masallaci, da tankin ruwa, da tsohuwar kuka a bakin kasuwa. Idan an ce jiya aka kai hari alhali muna tsakiyar bazara, amma ga gero ya kai ƙugu a bayan mutanen, to bidiyon tsoho ne. Harshe ma shaida ne, domin kunnen Basakkwace ba ya kasa bambance karin maganar gida da ta wani yanki, wannan kuwa ilimi ne da babu manhajar da za ta ba ka shi.

Adana asalin bidiyo ma wajibi ne, saboda turawa ta WhatsApp takan goge bayanan da waya ke liƙa masa, kamar lokaci da wurin da aka ɗauke shi. A 2017 YouTube ya sauke ɗimbin bidiyoyin yaƙin Siriya, kuma da ƙungiyar Syrian Archive ba ta yi ta adanawa ba, da shaidu masu yawa sun salwanta. A shekarar ce kuma Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ba da sammacin kama wani kwamandan Libiya, Mahmoud al-Werfalli, inda ta dogara sosai da bidiyoyin shafukan sada zumunta.

Abin da ya fi damuna, duk da haka, shi ne wanda ya ɗauki bidiyon. Shi yana can ƙauyensa, kuma maharan ma suna da waya, ga masu kai musu rahoto a cikin gari. Saboda haka kafin mu fitar da komai mukan rufe fuskoki, mu cire muryarsa, idan kuma alamun da suka nuna mana wurin za su iya nuna ƙofar gidansa, sai mu ajiye binciken a ma'ajiya ba tare da mun wallafa ba.