Me yarinyar take yi a cikin hoton?

Duk wanda ya yi aikin zaɓen littattafan hotuna a laburaren firamare a Amurka, da ƙirga yake farawa. Ni ma haka aka koya mini, kuma ƙirgar tana da tushe. A 1965 wata marubuciya, Nancy Larrick, ta bi littattafan yara sama da 5,000 da aka buga daga 1962 zuwa 1964, ta tarar waɗanda baƙar fata ko mutum ɗaya ya leƙo a ciki ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba. Wata cibiya a Jami'ar Wiskonsin ta ɗauki wannan lissafi tun 1985. A nata na 2018, dabbobi da motoci da makamantansu sun samu kashi 27, baƙaƙen fata kashi 10. Zomo mai riga da wando ya fi su samun wuri ke nan.

Amma abin da aikin ya fi koya mini bai fito a ƙirga ba. Da na ware littattafanmu masu ɗauke da 'yan mata baƙaƙe, sai na ga yawancinsu hanya biyu suka bi. Ko dai yarinyar tana cikin tarihin bauta da wariya, kamar Ruby Bridges da jami'an tsaro suka raka makaranta a New Orleans a 1960 tana 'yar shekara 6, ko kuwa ana lallashinta ta so gashinta da fatarta. Duka biyun suna da amfani, ba na musu. Sai dai yarinyar da kullum take ganin mai kama da ita cikin wahala ko cikin lallashi, me za ta ɗauka game da kanta? Ina wadda haƙorinta ya faɗi, ko ta ɓata a kasuwa, ko ta yi rashin ji aka yi dariya aka wuce? Yaran fararen fata suna da irin waɗannan labarai har sun yi musu yawa.

Na ɗauki wannan da muhimmanci ne bayan na karanta binciken Jami'ar Georgetown na 2017, wanda ya nuna manya suna yi wa 'yan mata baƙaƙe kallon waɗanda suka girmi shekarunsu, tun daga shekara 5, suna ganin ba su buƙatar kulawa da kariya kamar sauran. Littafin da ke nuna ta kullum jaruma mai juriya, ko da niyya mai kyau aka rubuta shi, wannan kallon yake ƙara wa ƙarfi. Malama ma tana koyo daga hoton, ba ɗalibai kaɗai ba.

Shi kansa zanen abin dubawa ne. Wasu masu zane fuska ɗaya suke yi, su shafa mata ruwan ƙasa, shi ke nan. Yara suna ganewa nan take. Kitson da aka zana da sani, wankan tarwaɗa kusa da baƙi wuluk a gida ɗaya, su ne ke sa yarinya ta ɗora yatsa a shafi.

Sai maganar lokaci. A azuzuwa da yawa, waɗannan littattafai a Fabrairu suke fitowa, watan tarihin baƙaƙen fata, Maris na kamawa su koma kwali. Marley Dias, da ta fara neman littattafai 1,000 masu jarumai 'yan mata baƙaƙe a 2015 tana aji shida, karatun aji na yau da kullum ne ya gundure ta. Shi ya sa na daina ware musu kanta ta daban. Idan malama ta zo neman littafin koyon ƙidaya ko na ruwan sama a Oktoba, cikin ukun da zan miƙa mata akwai mai yarinya baƙa tana ƙirga kwaɗi, kuma ba na yi mata wani bayani a kai.