Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Na Ajiye Kunya

Assalamu alaikum masu bibiya. Makon jiya mun tsaya inda na samu aiki a wani ƙaramin kamfani a Sheffield, bayan na shafe wata bakwai ina jidar kwalaye a sito da digiri na biyu a aljihu.

To, murnar ba ta je ko'ina ba. Bizar da nake kai ita ce wadda Birtaniya ta fara bayarwa a 2021 ga ɗaliban da suka gama karatu. Shekara biyu ce cif, ba a sabunta ta, tawa kuma Disambar 2024 za ta ƙare. Kafin nan dole wani kamfani ya tsaya mini in koma bizar ƙwararrun ma'aikata, kuma sai kamfanin da ke da lasisi daga Ma'aikatar Cikin Gida. Sunayen masu lasisin suna shafin gwamnati. Na duba, babu namu. Na sake dubawa kamar mai neman sakamakon JAMB, shiru.

Ana wata ga wata. A Afrilun 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararrun daga fam 26,200 zuwa 38,700 a shekara. Nawa ko kusa bai kai ba. Da na kira Umma a Zariya sai ta ce, "Kai da Allah ya ba ka aiki, me kuma ya rage?" Na ce, "Umma, addu'a dai." Ta ina zan fara mata bayani?

Wani dare barci ya ƙi zuwa, na zauna na karanta dokar layi-layi. Ashe mai irin bizata sabon shiga ake ɗaukarsa, nasa ma'aunin a lokacin fam 30,960 ne. Da ƙyar albashina ya haura.

Saura magana da manajarmu, nan kuwa gizo ke saƙar. Mu a gidanmu ko gishiri ba a aikenka roƙo maƙwabta, balle ka ce wa wanda ya ba ka aiki ya kashe kuɗi a kanka. Sati uku ina kai wa bakin ofishinta ina juyowa.

Ranar da na shiga, sai na tarar ita ma ba ta san komai ba. Ta san ranar ƙarewar bizar, amma a zatonta sabuntawa ake yi kamar lasisin tuƙi. Na ajiye mata takarda guda da na rubuta da hannuna: lasisin ƙaramin kamfani fam 536, jiran amsa kamar sati takwas, ga kuma watannin da suka rage mini. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce ba ita ke da wuƙa da nama ba, za ta kai wa mai kamfanin.

Kwana tara ba labari. Ranar Juma'a ina fitowa daga masallaci saƙonsa ya shigo wayata, layi ɗaya tal: in same shi Litinin ƙarfe tara, in taho da fasfona.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.