Nama nawa zai ishi baƙi? Abin da girkin biki ya koya mini

Tambayar da masu hidima suka fi yi wa mai girkin biki ita ce, "Rago nawa zai ishe mu?" Abin da aikin nan ya koya mini shi ne ba daga rago ake fara lissafi ba. Daga yankan naman da zai hau kan shinkafar baƙo ake farawa, sannan a yi ta komawa baya har a iso turke. Wanda ya fara sayen dabba ya ce Allah Ya sa ta isa, a gidansa ne za ka tarar ana tsaga tsoka ɗaya gida uku tun kafin la'asar.

Mu fara da yankan. Kilo ɗaya na ɗanyen naman sa, zallar tsoka ba ƙashi, yana ba da yanka 20 idan kowanne ya kai giram 50, wato kusan girman ƙwan kaza. A ido sai a ga kamar ya yi yawa, amma nama ruwa ne da shi. In aka sulala shi aka soya, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ya tafi, yankan giram 50 ya dawo 33 zuwa 35. Shi ke nan abin da baƙo zai gani. Wanda aka yanka tun farko daidai girman da ake son gani a faranti kuwa, bayan suya sai an ɗaga shinkafa an neme shi. Saboda haka kafin mahauci ya fara aiki, a yanka guda ɗaya, a ɗora a sikeli, a ajiye masa a gefen katako ya riƙa kallo. Hannu yana gajiya, kuma hannun da ya gaji manyan yanka yake yi don ya gama da wuri. Giram 10 kacal in ya ƙaru a kowane yanka, kilo ya koma ba da 16 ko 17, a kilo 30 an yi asarar yanka 100, naman mutum 50 ke nan.

Kilon kasuwa kuma ba zallar tsoka ba ne, sai in an faɗa an kuma biya kuɗinta. Abin da ake aunowa gauraye yake da ƙashi da kitse da jijiya, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba zai shiga faranti a matsayin tsoka ba. Irin wannan kilo a lissafa shi yanka 14 ko 15.

Yawan abin da kowane baƙo zai samu ya danganta da abincin da yadda za a raba shi. Shinkafa a robar tekawe, yanka biyu ya wadatar, giram 100 na ɗanyar tsoka ke nan. In akwai kaza a ciki, yanka ɗaya ya isa. Tuwo ko waina da miyar taushe sun fi son nama mai ƙashi saboda romo, a ware giram 150 ga kowa. Inda naman shi ne abincin, kamar gashi ko balangu, ƙasa da giram 250 zuwa 300 ba ya fitar da mutum kunya. Mafi cin nama duka shi ne tsarin kowa ya ɗiba da kansa: mutum ashirin ɗin farko sai su kwashe rabon mutum hamsin. Ko dai a ƙara rabin abin da aka lissafa, ko a tsayar da mutum ɗaya mai dauriyar ido a kan tiren nama, shi ya riƙa zuba wa kowa. Na biyun ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Sai kuma ƙidayar mutane, wadda ita ce ta fi wuya. Kati 200 ba mutum 200 ba ne. Yinin biki na mata, kusan kowacce da goyonta ko 'yar rakiyarta. Walimar ƙofar gida kuwa duk wanda ya biyo layin ɗan gayya ne, ga 'yan gayyar soɗi da ba a rasa su. Taron da ake duba kati a ƙofar ɗaki ne kaɗai ake iya tsayawa kusa da adadin da aka rubuta, a ƙara kashi 10 cikin 100. Na gida a ƙara kashi ɗaya cikin uku. Bayan wannan akwai bakunan da ba sa zama a kujera amma dole su ci: kwanukan maƙwabta, kular dangin ango, direbobi, masu kafa rumfa, masu wanke-wanke, almajiran unguwa. Su ne ake mantawa da su a takarda, kuma rabonsu ne ake fara ɗiba.

Ga yadda lissafin yake fita a walimar kati 200. Da ƙarin kashi ɗaya cikin uku, mutum 270 ke nan in an cike. Yanka bibbiyu, 540. Kwanukan gidaje 20, huɗu-huɗu, 80. Masu aiki, yanka 30. Jimla 650. Zallar tsoka, kilo 33. Naman kasuwa mai ƙashi, kilo 45.

Yanzu ne ya kamata a yi maganar dabba. Rago in an yanka an feɗe, an cire fata da kai da ƙafafu da kayan ciki, abin da ya rage bai cika kai rabin nauyinsa na raye ba. Ragon 'yankasa mai kilo 40 zai bar kilo 18 ko 19, da ƙashinsa. Balami da uda sun fi girman jiki, amma dogayen ƙafafu da faɗin ƙashi suna ruɗar mai saye, don haka a dafa gadon baya da gindin wutsiya a ji tsoka, kada a tsaya kallon ƙaho. Jar akuya mai kilo 22 ba ta wuce kilo 10 ko 11. To walimar can mai neman kilo 45, rago biyu ba su kai ba, sai uku. Matsakaicin bijimi mai kilo 250 kuma zai ba da wajen kilo 125 da ƙashi, ya ninka buƙatar fiye da sau biyu. A tsakanin nan abin da ya fi dacewa shi ne a je kwata da sassafe a sayi cinya da kafaɗa, ko a shiga watanda da wani mai hidima a makon. Sayen sa guda daga Wudil ko Maigatari ko Potiskum yana da riba ne idan taron ya kai ɗaruruwa masu yawa, ko an haɗa kamu da yini da walima a kansa, kuma a tuna da kuɗin mota da na dillali da ladan fiɗa.

Kayan ciki da kai da ƙafa ba na saka su a lissafin baƙi. Farfesun 'yan gida ne da masu kwana wurin aiki. Haka ragon suna: a gidaje da yawa akwai kason mai jego, da na ungozoma da wanzami, sauran a soye a rarraba wa dangi. Wanda ya ɗora taron suna a kan wannan ragon ya ci nama ɗaya sau biyu a takarda.

Kaza lissafinta gajere ne. Ta gidan gona mai kilo 2 tana barin wajen kilo 1.4 bayan fiɗa, a raba ta takwas. In aka matsa ta zuwa goma sha biyu, wani fiffike kawai zai samu. Kazar gida huɗu zuwa shida.

Nama yana iya isa a sikeli ya ƙare a hanya, kuma wuri biyu ne ya fi zurarewa. Na farko lalacewa. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 a Kano da Sakkwato, ɗanyen naman da aka tara a buhu ɗaya tsakiyarsa takan ɗau zafi ta fara wari alhali samansa lafiya lau. Firiza ma ba ta tsinana komai in aka danƙara mata kilo 40 na nama mai ɗumi lokaci guda, balle ga ɗauke wuta. A sulala shi ranar da aka yanka, da gishiri da albasa da citta, a soya, a baza a manyan tire ya huce sarai. In aka rufe shi a kula da zafinsa zai yi gumi, washegari ya yi yauƙi.

Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin kasko da kula. Wannan ta ɗanɗana gishiri, waccan ta miƙa wa yaro yana kuka, gwaggo ta aiko a ɗibar mata na baƙinta. Ba wanda ya yi sata, amma yanka 60 ya ɓace. Da naman ya huce a ƙirga shi hamsin-hamsin a ƙulle a leda, a rubuta adadin ledojin, a ware guda biyu a ce na ɗanɗano da aike ne. Sauran a damƙa wa mutum ɗaya tare da mukullin ɗakin, kada kuma ya zama uwar amarya, don ita ba ta iya cewa a'a ranar.