Talatar da muka shiga Kwari, ni da Goggo

Yau Talata, kuma ƙafafuna sun shaida cewa na shiga Kantin Kwari, babbar kasuwar tufafi ta Kano.

Bikin ƙanwata ya matso, ankon 'yan uwa kuwa har yanzu ba a fitar ba, don a gidanmu kowa yana da ra'ayi a kan kalar atamfa amma babu mai son shiga kasuwa. Jiya da daddare Umma ta yanke magana, ta ce ni da Goggo za mu je. Goggo saboda ta iya ciniki, ni kuma saboda na iya transfa da riƙon jaka.

Mun fito bakin titin Zariya da hantsi, daidai Unguwa Uku. Ina ɗaga hannu wani ɗan sahu, wato mai keken adaidaita sahu, ya taka burki, ya leƙo ya ce, "Hajiya, dirof ne?" Goggo ko kallonsa ba ta yi ba. Dokarta ke nan tun ina yarinya: ba a yin dirof, wato ɗaukar shata, da safe, ba a yin dirof hannu babu kaya. Ka tsaya ka faɗi inda za ka, mai bin hanyar zai zo. Wasu suka wuce suna kiran Bata, wasu sun cika har gefen direba, can sai ga wani yana cewa "Kwari, Wambai!" Akwai wani magidanci a baya, da ya ga mata biyu ne sai ya sauko ba tare da an roƙe shi ba, ya koma gaba ya ɗosana kusa da direba, rabin jikinsa a waje. Muka shiga muka tarar da wata yarinya da goyo, muka zama mu uku cif.

Kafin mu kai asibitin Malam Aminu Kano Goggo ta buɗe tarihin da take buɗewa duk lokacin da ta shiga sahu. Wai a zamaninsu bas hayis ake shiga, kwandasta yana rataye a ƙofa yana buga jikin mota, ko kuma tasi idan aljihu da nauyi. Daga baya acaɓa ya cika gari, mace da zanenta da mayafinta ta ɗare bayan babur. Wannan keken mai ƙafa uku a zamanin Malam Ibrahim Shekarau ya shigo, kuma domin mata aka fara kawo shi, a daina cakuɗa su da maza a abin hawa. Ni abin da na riska da wayona shi ne watan Janairun 2013, lokacin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero hari, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birni da kewaye. Daga nan masu babur da yawa suka sayar suka koma sahu, abin da aka kawo wa mata ya zama na kowa da kowa. Hayis ɗin Goggo kuma yanzu sai ka daɗe a titi ba ka ga ɗaya tana lodi ba.

Direbanmu saurayi ne, ba zai wuce sa'an ƙanina ba. Da Goggo ta tambayi kuɗin mota ya faɗa, sai ta riƙe haɓa.

"Kai yaro, ka ji tsoron Allah. Makka za ka kai mu?"

"Wallahi Mama ba laifina ba ne. Ki tambayi gidan mai."

Ya ce keken ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi balas kafin ya san abin da zai kai gida, ga mai, ga bakanike, ga faci. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, in ji shi, rabin abin da yake samu a gidan mai yake barinsa. Goggo ta ce kowa ma haka yake cewa. Amma na lura ba ta ƙara neman ragi ba.

A Dangi aka sauke mai goyon, aka ɗauki wata dattijuwa da buhun zogale za ta Rimi. Gadar nan ta Dangi da aka yi zamanin Ganduje ta taimaka, ba na musu, haka ma ta Ƙofar Nassarawa da Kwankwaso ya yi. Wanda ya san yadda wuraren nan suke cushewa a da ba zai raina su ba. Sai dai ni a ganina gada ba ta kashe cunkoso, gaba take tura shi. Ka sauko daga Ƙofar Nassarawa a guje kana jin daɗi, kana shiga titin IBB ka doshi Ƙofar Mata sai ka tarar da duk waɗanda suka riga ka saukowa suna jiranka. Nan muka tsaya cak. Sahu a gaba, sahu a baya, kurkura cike da diloli a gefe, wani mai baro ya kutso tsakani yana neman inda zai saka tayarsa. 'Yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa suna ta ɗaga hannu suna busa usur, kowa yana hon kamar hon ɗin zai buɗe hanya.

A irin wannan tsayuwar ne mutum yake ganin garin. Ga ragowar badala can ta zaizaye, wani wurin ma sai an nuna maka za ka gane ganuwa ce. Ga karofin Ƙofar Mata, inda aka rubuta 1498 a bakin shiga, har yau akwai masu tsoma zane a baba. Ga Filin Idi, inda aka rushe shagunan da ke kewaye da shi a 2023. Goggo ta nuna wani wuri da baki ta ce nan ta taɓa sayen mayafi. Dattijuwar mai zogale ta ce "Akwai a nan," ta sauka ta ƙarasa Rimi a ƙafa, kuma na tabbata ta riga mu isa inda za ta.

Mu ma ba mu jira an kai mu bakin kasuwa ba. Da Goggo ta hango inda 'yan tebura suka fara, ta ce wa yaron ya tsaya. Wajen canji aka ɗan yi ja-in-ja, shi ba shi da ƙananan kuɗi, mu ma babu, sai magidancin gaba ya fasa mana dubu. Allah Ya saka masa.

Kwari ba ta da wata ƙofa da za ka ce daga nan ta fara. Tun kana kan kwalta kasuwa ta riga ta tarye ka: tebura jere da yadi da hijabai, masu kasa safa da ɗankwali a ƙasa, masu rataye leshi a kafaɗa suna bin ka da shi, yara masu fiya wata, mai gyara wayar hannu a ƙarƙashin lema. Titin da aka yi domin mota, rabinsa ciniki ake a kai. Daga baya kuma sai ka ji "Hanya! Hanya!", kafin ka waiwaya ɗan dako ya wuce da dila a ka wadda ta fi shi girma. Wanda bai kauce ba shi ya sani. Samari kuwa kowane taku sai wani ya tare ku: "Hajiya me ake nema? Atamfa ce? Shadda? Ku zo ku gani, kallo kyauta ne." Goggo ta ce kada in amsa wa kowa, don duk wanda ya raka ka shago, ladansa a cikin kuɗin kayanka zai fito.

Ana cewa babu kasuwar tufafi da ta kai ta girma a Afirka ta Yamma, kuma kunne ma ya isa ya gaya maka daga nesa ake zuwa. A layi ɗaya na ji Zabarmanci, na ji Larabcin mutanen Chadi, na ji wasu mata suna lissafi da sefa. Waɗannan ba turmi ɗaya ko biyu suke saye ba, dila-dila ake ɗaure musu a kai tasha.

Mun shiga ta layin Ta'ambu muka yi ta kutsawa har shagon wani dattijo da Goggo take sayayya a wurinsa tun kafin a haife ni. Gaisuwa kawai ta ci lokacinta: ya iyali, ya kasuwa, ya jikin Hajiya, ina labarin wane. Sai da aka kawo mana benci da ruwa sannan aka fara sauko da atamfofi. Goggo ba ta kallon zanen fure tukuna. Bakin zanen take fara kamawa ta murza tsakanin yatsu ta ji ko sitaci ne ya ba shi kauri, ta ɗaga shi a haske, ta juya bayansa ta ga ko rinin ya ratsa. Wata shuɗiya da ta tafi da hankalina, tana murzawa ta ajiye ta gefe ta ce wanki biyu za ta yi ta zama tsumma. Alhajin ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ke dai ba a yi miki dabara."

Kusan duk abin da aka sauko mana da shi daga Sin yake. Mai tsadar, Holan da shadda gezna, suna can sama a cikin leda, ba na anko ba ne. Goggo ta yi tsaki ta ce da can atamfar Kaduna ake yayi, kuma masaƙun Kano na Bompai da Sharaɗa da Challawa suna aiki dare da rana, mijinta marigayi ma a ɗaya daga ciki ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Alhajin ya ce, "To ya za a yi, babu wuta." Daga nan aka koma ciniki. Ya faɗi kuɗin turmi, ta taya, ya ce albarka, ta miƙe tana gyara mayafi, ya ce ta zauna mana. Aka yi haka har ya sallama. Mun ɗauki turmi 24 na wata mai ruwan goro da ratsin kore, kowanne yadi shida. Na tura kuɗi, suka fita daga wajena, shi kuma alat bai shigo ba. Muka zauna jiran netwok har aka kira azahar. Muka yi salla a bayan shagon, yaronsa ya sayo mana gurasa bandashe, muna cikin ci wayarsa ta yi ƙara.

Muna fitowa na ga gabas ta yi baƙi. Ba mu kaɗai muka gani ba. Nan take 'yan tebura suka fara jan leda suna rufe kaya, masu shagunan ƙasa suna ɗaga diloli kan benci. Tun ambaliyar watan Agustan 2022, da ruwa ya shiga layuka ya jiƙa dukiya mai yawa, mutanen Kwari ba sa wasa da hadari.

A nan ne ainihin tafiyar ta fara. Zuwa Kwari ba wuya, kowa ma zai iya. Dawowa da kaya ita ce magana. Da damin atamfa a kan ɗan dako babu zancen shiga sahun haɗaka, dole dirof, kuma 'yan sahun da ke bakin kasuwa sun ga kayan, sun ga hadarin, sun ga tsohuwa. Na farko ya faɗi kuɗin da ya ninka na zuwanmu sau huɗu. Na biyu da ya ji Unguwa Uku ko amsawa bai yi ba, ya ja abinsa. Goggo ta ce wa ɗan dakon, "Ɗana, ƙara mana gaba kaɗan, zan gyara maka." Muka bi shi muna haɗawa da sassarfa har muka bar bakin kasuwar, muka tsallaka ɗaya hannun, wajen waɗanda suka sauke fasinja za su juya babu kowa. Can ta samu wanda ya yarda da kusan rabin kuɗin farko.

Mutanen Kano muna yawan zagin 'yan sahu, kuma wani zagin sun ci shi: tsayawa a tsakiyar titi ba sigina, kiɗa kamar gidan biki, yaran da ko gemu ba su yi ba suna tsere da rayukan mutane. Amma ina zaune a ciki, dami a kan cinyata, ruwa ya fara sauka, sai na tuna watan Fabrairun 2021 da suka tafi yajin aiki a kan harajin N100 na kullum. Ranar garin nan tsayawa ya yi. Ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka cika titi a ƙafa, wasu suka hau bayan kurkura da a-kori-kura kamar buhunan masara. Birni mai miliyoyin mutane, babu jirgin ƙasa na cikin gari, babu manyan bas da za ka dogara da lokacinsu, duk nauyin yana kan keken da aka ƙera don mutum uku. In an ce a kore su daga manyan tituna, ni tambayata ɗaya ce: Goggo da turmi 24 me za ta hau?

Direban ya sauke labulen leda na gefe ɗaya, ɗaya gefen kuwa ya yage, don haka ni na sha feshin. Na rungume atamfar na juya mata baya, gara ni in jiƙe. Wajen Gyaɗi-Gyaɗi wata jibgegiyar mota ta wuce a guje ta watsa mana ruwan kwata, Goggo ta raka ta da addu'ar da ba zan rubuta a nan ba. Shi kuwa bawan Allah ya shiga da mu har cikin lungu, duk da taɓo, ya kuma taya ni sauke kayan a zaure. Goggo, wadda ta yi rabin sa'a tana faɗa a kan ragi, ta ƙara masa N200 ta ce ya sha shayi.

Da magariba 'yan uwa suka cika ɗakin Umma ana buɗe turmi. Masu cewa koren ya yi yawa sun ce, masu cewa da shuɗiya aka ɗauko sun ce. Umma ta ce duk wadda bai yi wa ba, ga titi can, sahu bai ƙare ba. Sai kuma aka lissafa aka ga ba a sa 'ya'yan Kawu na Zariya ba, su huɗu. Goggo ta riga ta kira Alhaji ta ce ya ajiye mana, wai jibi da safe za mu koma.