Wutar tDCS da rashin tattara hankali a manya

tDCS hanya ce ta tura wutar lantarki mai rauni zuwa ƙwaƙwalwa ta fatar kai. Ana jiƙa soso biyu da ruwan gishiri, a ɗaura su a gaban kai, hagu da dama, sannan a saki wuta 'yar kaɗan, miliamfiya 2, na minti 30. A wani gwaji a Birazil da aka wallafa a 2022, manya masu ADHD (matsalar rashin tattara hankali, gaggawa da rashin zama wuri ɗaya) da suka yi haka kullum na mako huɗu sun samu sauƙin rashin tattara hankali, amma gaggawa da rashin zama wuri ɗaya ba su ragu sosai ba.

Wani kuskure da ake yi shi ne barin soso ya bushe. Wutar sai ta taru wuri guda ta ƙona fata. Mai farfaɗiya ko ƙarfe a cikin kai kada ya gwada, kuma kada kowa ya ajiye maganinsa sai likita ya yarda.