C63, M3 ko IS F: Wacce Ta Dace da Titunan Zariya?

Duk mai neman motar alfarma mai gudu cikin 'yan kwatano, motoci uku ne suka fi ɗaukar hankalinsa: Mercedes C63 AMG mai injin lita 6.2, da BMW M3 ƙirar E92 mai lita 4.0, da Lexus IS F mai lita 5.0. Dukansu silinda takwas ne ba tare da turbo ba, kuma sun fito kasuwa tsakanin 2007 da 2008.

C63 ta fi su ƙarfin ja da rurin inji, amma tana shan fetur ba ƙaƙƙautawa, abin da ya zama babban lissafi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Sannan samfuranta na farko suna da matsalar kusoshin kan inji, waɗanda kan karye ruwa ya shiga silinda. M3 ta fi daɗin tuƙi a kwana, sai dai abin da makanikai ke kira metal, wato ƙarfen da ke rage guga a gindin sandar fistin, yana saurin cinyewa a injinta, kuma idan aka yi sakaci injin ne gaba ɗaya zai tafi.

A ganina IS F ce ta fi dacewa da mu, domin Toyota ce ta ƙera ta, kuma ba ta yawan kai mai ita gareji, ko da yake kayan gyaranta ma sai an nemo daga Kano ko Legas. Dukansu ƙasa-ƙasa suke, saboda haka mai shiga lungunan cikin birni daga Ƙofar Doka ya duba ƙarƙashin bamba da kaskon mai kafin ya biya kuɗi.