Asabar, musun The 100 a kicin ɗin Goggo

Tun safe muke gidan Goggo yau, gobe sunan jaririyar Anti, an tara mu 'yan matan dangi aikin cincin da dubulan. Ni ke murji, Yaya na bakin kasko, Auta da 'yar Baffa na yanka. Aiki na tafiya lafiya lau har wajen azahar, sai Auta ta ce ita fa jiya barcinta rabi da rabi ne saboda Pike. Ashe ta kai sizin na 3 a The 100, fim mai dogon zango kan mutanen da suka sauko duniya daga jirgin sararin samaniya mai suna Ark suka tarar da mutanen ƙasa, wato waɗanda suka rayu a duniyar bayan ta ƙone. Tana daidai inda Pike, shugaban 'yan Ark ɗin a lokacin, ya kashe Lincoln, ɗaya daga cikin mutanen ƙasa. Shi ke nan ta fama mana tsohon miki, don mu ukun mun daɗe da gama shi, fim ɗin da aka fara a 2014 aka rufe a 2020, sizin 7, kashi 100 cif, amma wlh kamar jiya muka kalla.

Ta ce duk fim ɗin babu wanda ta tsana kamar Pike. Wai ta yaya mutum zai durƙusa a cikin taɓo, da ƙafarsa ya dawo ya miƙa kansa don kar a kashe 'yan uwansa da aka kulle, kai kuma ka sa masa bindiga a ka ka harba, budurwarsa Octavia na hangowa daga nesa ba yadda za ta yi. Tana faɗa idonta na kawo ruwa, wuƙa a hannu, ƙullin da ke gabanta har ya fara bushewa ba ta yanka ko layi ɗaya ba.

'Yar Baffa ta ce a'a, ita Finn ne ba ta son ko ganin fuskarsa. Yaron da ya wuni yana wa'azin zaman lafiya a sizin na 1, saboda kawai ya rasa Clarke, jarumar fim ɗin, ya shiga ƙauyen mutanen ƙasa ya bindige mutum 18 da ba su ji ba ba su gani ba, ga cin amanar budurwarsa Raven da ta haɗa tsohon kumbo da hannunta ta sauko daga sama dominsa. Ba wanda ya yi mata musu, amma ba mu daɗe a kansa ba tunda shi ya karɓi hukuncinsa da wuri.

Yaya kuwa Jaha ta kama. Ta ce mutumin da yake shugaba a jirgin Ark ana wurga mutane sararin samaniya kan laifi kaɗan, har da baban Clarke, ya sauko duniya bai tsaya wajen jama'arsa ba, ya ja wasu cikin hamada neman wani birnin haske, a hanya ya jefa wa dodon ruwa yaro daga kwalekwale don shi ya tsira, ƙarshe ya dawo yana raba wa mutane ƙwayar ALIE, na'urar da ita ce ma ta harba makaman nukiliyar da suka ƙone duniya shekara 97 kafin labarin. Ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne lokacin da Abby, maman Clarke, ta ambaci Wells, ɗansa na cikinsa, ya tsaya yana kallonta bai tuna ko wane ne ba. Gaskiya wannan wajen ni ma ya taɓa ni.

Da aka zo kaina na ce Bellamy, yayan Octavia. Kicin ya yi tsit, Yaya ta juyo da matsami a hannu ta ce ke, maimaita. Na ce Yaya ki yi haƙuri, na san mutuminki ne, amma Bellamy nake nufi kuma na daɗe da wannan maganar a raina.

Ni ban ce Pike mutumin kirki ba ne. Amma Pike malamin makaranta ne a Ark, sashensu ya faɗo a yankin Azgeda, wata ƙabilar mutanen ƙasa, farkon abin da ya gani a duniya yara ne suna wasa a ƙanƙara aka zo aka karkashe su, mutanensa suka yi ta mutuwa a gabansa. Bai taɓa zama da mutumin ƙasa ko ɗaya ya ga alherinsa ba. Kuma ba ƙwace mulki ya yi ba, zaɓarsa aka yi, jama'ar Arkadia, sansanin 'yan Ark, ne suka ba shi ƙuri'a suna sane da abin da ya ce zai yi. Bellamy fa? Ya san Lincoln, ya san shi ne ya ceci ƙanwarsa, ya san Indra mai jagorantar mayaƙan, sun yi yaƙi gefe ɗaya da su a kan mutanen dutsen Mount Weather, ya san sarai rundunar nan ta kusan mutum 300 Lexa, shugabar mutanen ƙasa, ce ta turo ta don ta kare su. Duk da haka ya ɗauki bindiga ya bi Pike da dare suka kashe su suna barci. Wanda bai sani ba ya yi, da wanda ya sani ya yi, don Allah wa ya fi laifi?

Yaya ta ce ai an kashe masa budurwarsa Gina, baƙin ciki ne. Na ce Azgeda suka kashe Gina, ba waɗanda ke kwance a filin nan ba. Ta ce yaro ne da aka ɗora wa nauyi tun yana ƙarami, ƙanwarsa shekara 16 tana ɓoye a ƙarƙashin daɓe, an kashe uwarsu don ta haifi ɗa na biyu. Na yarda, kuma shi ya sa ma abin ke min ciwo, don da farko ina sonsa. Amma ki duba tun sizin na 1, ya jefa rediyon Raven a ruwa don kar a sauko a kama shi kan harbin Jaha, saboda haka ba a ji labarin duniya ta zaunu ba sai da aka kashe mutum sama da 300 a Ark don rage shan iska. Kullum haka yake, ya samu wanda zai bi, ya bi shi ido rufe, a yi ɓarna, ya yi ido jajir, kashi biyu uku sai ka ga kowa ya manta. Ko lokacin da ya miƙa Pike, sai bayan an riga an kashe Lincoln. Dukan da Octavia ta yi masa a kogon nan ni ban ga laifinta ba ko kaɗan.

Nan fa Yaya ta hau, ta ce to ai ya biya tunda Clarke ta harbe shi a sizin na 7. Auta da ba ta kai wajen ba ta saki wuƙar ta ce Yaya!! Ta dafe kai ta fice tsakar gida, sai da Goggo ta leƙo ta ce wai meye haka, ga mai na ƙauri kun tsaya surutun Turawa. Yaya ta bi ta tana ba ta haƙuri, da ƙyar ta dawo, har la'asar ba ta ce wa kowa uffan ba.

Ni kuma wannan mutuwar ba ta wanke min komai ba. Ya bar Pike ya koma bin Cadogan, shugaban wata ɗariƙa, halin dai shi ne bai canza ba, sannan aka sa Clarke ta kashe shi a kan littafin zanen Madi, yarinyar da ta riƙa kamar 'yarta, kuma ta tafi ta bar littafin a wajen. Mutumin da aka yi sizin bakwai da shi aka kawar haka a gaggauce, ba a taɓa zaunar da shi ya fuskanci mutum 300 ɗin nan yadda ya kamata ba. Wannan laifin masu rubutun ne, kuma a nan kaɗai bakinmu ya zo ɗaya da Yaya.

Bayan magariba muna zuba cincin a bokitai 'yar Baffa ta sake tayar da zancen, wai Murphy fa, ya aka yi ba wanda ya ambace shi. Ni da Yaya muka ce Murphy ai ya zama ɗan gida, an rataye shi kan kisan Wells da bai yi ba, kuma shi bai taɓa cewa shi na kirki ne ba. Ta ce ita dai duk sanda ta ga Raven na jan ƙafa sai ta tuna harsashin wa ne, ba za ta yafe ba. Auta ta ce kar wanda ya sake faɗar komai da ya wuce sizin na 3 a gabanta, ta sa iyafis a kunne ta ci gaba da ɗaure ledoji.